Ƙafar Gidan Manu

Mairama taubashiyata ce. Mahaifinta, Kawu Manu, wan mahaifiyata ne ciki ɗaya, don haka ina da cikakken izinin faɗin abin da na ga dama a kanta, in ta ji haushi ta sha ruwan randa. Sunana Zahara'u, na koyar a firamare har na yi ritaya, ina zaune a Birnin Kudu. Ita kuwa ba ta taɓa riƙe alli ba, kuma ba ta taɓa yarda cewa hakan ya rage ta da komai ba. Takan ce ni da kai na yi karatu, ita da ƙafa ta yi nata.

Maganar ƙafar nan tana da tushe. Shekarar da Mairama take rarrafe, Kawu Manu ya sayar da 'yan shanunsa ya ɗaura niyyar aikin Hajji. A wancan zamani talaka irinsa ba ya zancen jirgi. Sanda ce da buta da buzu, sai mutum ya fuskanci gabas. Mahaifiyata ta sha ba mu labarin safiyar da ya fita daga gidansu a Farin Dutse. Ana ta sallama, mata suna share hawaye, babu wanda ya kula da yarinyar da ke tsaye dafe da turmi. Sai gani aka yi ta saki turmin, ta ɗaga ƙafa, ta bi bayan ubanta taga-taga har bakin zaure, sannan ta faɗi zaune. Takunta na farko a duniya ke nan. Kawu ya juyo ya ɗaga ta sama yana dariya, ya ce, "Wannan ma za ta zo." Ya sauke ta, ya kama hanya.

Bai isa ba. Bayan shekaru wani mutumin Fagam da ya dawo ya kawo labarin cewa zazzaɓi ya kwantar da shi a wani ƙauye can ƙasar Sudan, inda ya tsaya yin ƙwadago don ya haɗa guzurin gaba, kuma a can aka rufe shi. Mairama ba ta san fuskarsa ba. Maganar nan ta bakin zaure ita kaɗai ta gada daga gare shi, ta kuwa riƙe ta gam.

An aurar da ita a can Farin Dutse, gidan masu noma da 'yan shanu. Tun daga lokacin ban san ranar da rana ta fito ta tarar da Mairama a zaune ba. Ta tatsa, ta daka, ta ɗebo ruwa, ta je gona, ranar kasuwa kuma ta ɗora ƙwarya ta nufi Basirka da fura da nono. Da babura suka yawaita, sauran mata suka huta, ita ta ƙi. In mai babur ya tsaya sai ta ce nononta ba ya son jijjiga. Ƙarya take, so take ta riga su sanin wanda ya yi shuka da wanda ya makara. Siririya ce, ƙwaurinta kamar taɓarya, in kuna tafiya tare sai kin riƙa haɗawa da ɗan gudu. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, da ƙafar nan ta raine su.

Ɗanta na fari, Alhaji Kamaluddeen, fataucin hatsi yake yi. Da kaka ya bi kasuwannin Gwaram ya sayi gero da dawa da riɗi, ya kulle a sito, sai bazara ta yi nisa ya buɗe. Allah ya sa wa abin albarka, ya gina gida a Birnin Kudu, har tsakar gidan tayil ne. Mutumin kirki ne, kada a ji ni ba daidai ba. Illarsa ɗaya ce: duk abin da ya kalla a duniya, buhu yake gani.

A danginmu, kamar sauran gidajen da suka taso daga ruga, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaman hira da shi, balle ta yi musu da shi ido da ido. Mairama "mai hatsi" take ce masa. In tana da magana da shi sai ta faɗa wa bango, ko ta faɗa mini, wanda a ganinta duk ɗaya ne.

Ranar da ya aiko cewa ya biya mata kujerar Makka, ina Farin Dutse. Ta tashi ta zagaya bayan ɗaki, ta daɗe, ta dawo idanunta jawur, ta ce hayaƙi ne. Da muka keɓe ta kama hannuna ta ce, "Zahara'u, jirgi dai ba yadda zan yi da shi. Amma daga inda ya sauke ni, sauran nawa ne. Da ƙafata zan zagaya Ɗakin Allah."

Sai Alhaji ya zo da dabara. Ya tara mu ya ce, "Aikin Hajji aikin ƙarfi ne, na je na gani. Inna ta daɗe tana ɗiban ƙarfinta tana zubarwa a hanyar Basirka. Yanzu a rufe rumbun, kada a taɓa ko ƙwaya, sai an je can a buɗe." Duk wanda ya ji sai ya ce Allah ya yi masa albarka. Wa zai gaya wa manomi cewa ajiya ba dabara ba ce? Aka kwaso ta a mota aka kawo ta birni.

Ɗaki aka ba ta mai bayi a ciki, da katifa mai tudu, da talabijin. Matarsa Munawwara, yarinya mai ladabi har ya yi yawa, aka ɗora wa tsaro. Mairama ta miƙa hannu ga tsintsiya, Munawwara ta riga ta. Ta yunƙura za ta ɗauki buta, an kawo. Ko gidana da ke bayan layinsu za ta zo, sai an tayar da mota. Kan teburinta kwalabe ne reras na ƙwayoyin ƙarin kuzari da Alhaji yake sayowa daga Kano, ja da ɗorawa da kore, safe da yamma. A shekarar kuma kujerar ba ta fito ba, aka ɗaga ta zuwa baɗi, zaman ya ƙara tsawo.

A gaban idona matar nan ta narke. Fuska ta yi kyau, ba a musu, fata ta yi sumul. Amma ƙwaurin nan ya saki, cinya ta zube, in ta ratsa tsakar gida sai ta dafa bango tana haki. Da ta fara salla a zaune sai aka ce tsufa ne ya zo, aka ƙara mata matashi. Takan dubi bango ta ce, "A gaya wa mai hatsi ni ba dawa ba ce." Na kai saƙon. Ya ce, "Yafendo, ina raye, ina da hali, a ga uwata da tsintsiya? Me mutane za su ce?" Yafendo yake ce mini, don a wurinsa ƙanwar uwa nake.

Da kaka ta yi, Mero 'yar Mairama ta sami jika a Farin Dutse, aka kai mu suna. Mun isa da hantsi mata sun jera turame ana dakan tuwon taro. Cikinsu akwai A'i, tsohuwar abokiyar tallan Mairama, mai baki kamar reza. Tana ganinmu ta ce, "Ku shimfiɗa wa Hajiyar birni darduma can nesa, kada ƙaiƙayi ya taɓa ta."

Na ga kunnen Mairama ya motsa, na san an gama. Alhaji yana waje wurin maza, Munawwara tana ɗakin mai jego. Ta cire mayafi, ta ci ɗamara, ta fizge taɓarya daga hannun wata yarinya. Wallahi hannu bai manta ba. Ta shiga lugude, tana cilla taɓarya sama tana tafawa tana cafewa, mata suka ɗauki guɗa. Aka gama gero ta ce a kawo dawa. Na ce ta isa haka, ta ce in koma aji. Ba ta ajiye taɓaryar ba sai bayan azahar, ta kuma bi 'yan mata rijiya, da la'asar ta taka har tsohuwar gonarta ta dawo. Ranar ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba.

Washegari ta kasa ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali. Wanshekare cinyoyinta da damatsanta suka kumbura suka yi tauri, ko zani ya taɓa sai ta yi ƙara, fitsarinta ya koma kamar baƙin shayi. Aka ɗauko ta ranga-ranga zuwa asibiti a Birnin Kudu. Likitoci suka yi ta ɗura mata ruwa, suna cewa ƙoda suke ji wa tsoro. Allah ya taƙaita, ƙodar ta tsira.

A ƙauye aka ce baki ne, guɗar nan ta yi yawa. Alhaji kuwa ya tsaya a barandar asibiti yana tafa hannu. "Kun ga abin da nake gudu? Ajiyar shekara guda ta kwashe a wuni ɗaya!" Nan take ya buga waya Kano ya ce a kawo masa keken tura marasa lafiya, mai kyau, wanda ake naɗewa. Ya ce a kansa za ta yi ɗawafi, a kansa za ta yi Safa da Marwa, magana ta ƙare.

Mairama tana jinsa ta taga. Ta juya fuska bango, wannan karon ba ta ba bangon saƙo ba. Ta san sarai, kamar yadda malamai suka faɗa, wanda ya kasa aka tura shi Hajjinsa cikakke ne. Ba wannan ne ciwonta ba. Da na matsa mata sai ta ce a hankali, "Babana ya tafi da ƙafa bai isa ba. Ni kuma in isa ba ƙafa?" Tun muna yara ban taɓa ganin Mairama ta karaya ba sai ranar, kuma na ji tsoro ƙwarai.

Kafin a sallame ta aka tura mu sashen gashi, inda ake motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi. A can muka haɗu da Malama Ummussalma, wata doguwar mata mai tabarau wadda ba ta iya zagaye-zagaye ba. Ta matsa ƙwaurin Mairama, ta sa ta tashi daga kujera ba dafawa, ta kasa. Ta tambayi aikin da take yi a da, na lissafa mata. Ta tambayi wanda take yi tun zuwanta birni, na ce kallon talabijin. Ta cire tabarau ta ce a kira mata ɗan.

"Alhaji," in ji ta, "ba aiki ne ya kayar da Inna ba. Zama ne ya kayar da ita, aiki ya zo ya tarar da ita a ƙasa."

Ya ce bai gane ba.

"Tsokar jiki in tana aiki, abinci take ƙonawa da iskar da muke shaƙa. Kowace wuta kuwa tana da tartsatsi. Tartsatsin nan in ya yi yawa cin tsoka yake daga ciki, kamar yadda tsatsa ke cin fartanya. To Allah da ikonsa, jiki yana haɗa maganin abin da kansa, wasu sinadarai masu kashe tartsatsin tun bai yi ɓarna ba. Sai dai jiki ba ya wahalar banza. Gwargwadon tartsatsin da ya saba gani kullum, gwargwadon maganin da yake tanada. Mai tafiya kullum, tsokarsa a shirye take. Wanda aka zaunar, jiki sai ya ga babu bukata, ya rage tanadi, tsokar ma ta zube. Inna ta fi shekara a zaune, sannan ta tashi ta hura wutar wuni guda. Zaren tsokar ya yayyage, tartsatsi ya tashi, masu kashe shi ba su da yawa. Baƙin da kuka gani a fitsari tarkacen tsokarta ne."

Alhaji ya buɗe leda ya zazzage kwalaben nan a tebur. "Amma duk wannan tana sha. An ce mini su ne masu wanke jiki."

Ta ɗaga ɗaya ta duba ta ajiye. "Ba guba ba ne, wanda jikinsa ya rasa su suna yi masa amfani. Amma ba sa maye gurbin abin da tsoka take haɗawa da kanta. Akwai ma binciken da ya nuna in aka cika su da yawa sukan danne ɗan tartsatsin da ke farkar da jiki, sai ya ƙi koyo. Ku ba ta zogale da rama da wake, da goba da lemo, da nononta da ta saba. Sannan ku bar ta ta taka. Kaɗan kaɗan, kullum."

"A shekarunta?"

"Tsokar tsoho ma tana koyo, a hankali dai take yi. Hatsi ake kullewa ya ƙara daraja, Alhaji. Ƙarfi in ka kulle shi, ranar da ka buɗe ba za ka tarar da komai ba."

Daga kan gado sai muka ji murya tana magana da bango. "A ce wa mai hatsi ya buɗe kunne."

Malama Ummussalma ta juya wurin Mairama. "Ke ma Inna ki buɗe naki. Dokarki ɗaya ce: ki tsaya tun kina jin za ki iya ƙarawa. In kika sake yi mini irin na ranar suna, ni da kaina zan ɗora ki a keken."

Alhaji ya yarda, amma da sharaɗi: a cikin gida kawai. Keken kuma ya iso, yana jingine a zaure da ledarsa.

Haka muka fara. Na ce "muka" domin ni aka naɗa 'yar sanda. Kullum da safe in zo, ta tashi daga kujera ta zauna, ta tashi ta zauna, sannan ta zagaya bishiyar mangwaron tsakar gida tana riƙe da kafaɗata. Wahalar ba ta sa ta tafiya ba ce, ta tsayar da ita ce. In na ce ya isa sai ta ce, "Ke da Allah, ko akuya ta fi haka kiwo." In ce mata sannu ba ta hana zuwa. Ta ce, "Sai dai a daɗe ba a je ba, ni kuwa jirgi ba zai jira ni ba." Mu yi ta yi har Munawwara ta fito ta raba mu da kunu.

A makon farko ciwon jiki ya dawo, ba mai yawa ba, irin tsamin nan na gaɓoɓi. Munawwara ta tsorata, muka koma asibiti. Malama Ummussalma ta tambayi launin fitsari, aka ce fari ne tas. Ta ce to wannan tsamin ba abin tsoro ba ne, jiki ne yake karɓar saƙo, a huta a ci gaba. Haka kuwa aka yi. Zagayen da ya sa ta tsami a wannan mako, mako na gaba sai ta yi shi ba ta ji komai ba, a ƙara kaɗan. Aka sayo mata ƙaramar taɓarya tana daka kayan miya. Kwalaben suka koma cikin kwaba, zogale ya hau tebur.

Wata safiya na shigo na tarar da Munawwara tsaye a ƙofar ɗakin surukarta, ta toshe baki da gefen mayafi, hawaye na zuba. Na leƙa. Mairama ce a tsaye kan darduma tana sallar walaha, ta yi ruku'u, ta yi sujada, ta miƙe ba ta dafa komai ba. Na koma gefe na zauna, ni ma idona ya kawo ruwa. Da ta sallame ta ce, "Wa ya mutu?"

Daga nan tsakar gida ta yi mata kaɗan. Gari na wayewa sai mu fice, da farko zuwa gidana, daga baya har bakin kasuwa, daga baya har duwatsun bayan gari. 'Yan acaɓa suka addabe mu. "Inna, a kai ku?" "Hajiya, ko kyauta ne ku hau." Ita kuwa ta dawo da tsohuwar amsarta, wai nononta ba ya son jijjiga, alhali ko ludayi ba ta ɗauke da shi. Ba a jima ba na koma haɗawa da ɗan gudu. Ta waiwayo ta ce, "Malama, ina karatun? Ba ya tafiya ne?" Da azumi ya kama muka rage nisa, amma ba mu fasa ba.

Birnin Kudu ba ta da girman da za a ɓoye tsofaffi biyu a titi. Magana ta isa majalisar Alhaji. Wani ya ce ko motar ce ta lalace. Wani ya ce an ji hatsi ya faɗi bana. Ya same ni a gida ransa a ɓace, ya ce an mai da shi abin zunɗe, a daina fitar nan.

Na ce, "Kamalu, kai ba ɗan farina ba ne, ba na jin kunyarka. Zaɓi ɗaya. Ko su ce ka bar uwarka tana yawo da ƙafa, ko su riƙa ce maka yaya mai jiki. Masu zunɗen nan akwai wanda ya zo ya riƙe mata robar ruwa a asibiti?"

Ya sunkuyar da kai yana juya makullin mota. Da ya ɗago na ga ba girman kai ne kaɗai ke damunsa ba. Ya ce, "Yafendo, na ga yadda tsofaffi ke faɗuwa a wurin nan. Cunkoso ne, ga rana. In ta faɗi a can, me zan ce wa Allah?" Na tausaya masa, gaskiya. A ƙarshe ya ce ranar bita za a gani. In ta kammala da ƙafarta, keke ya zauna. In ta kasa, ta hau ba musu. Na kai wa Mairama, ta ce a gaya wa mai hatsi ta karɓi cinikin.

Bita ita ce ranar da ake tara maniyyata a koya musu aikin Hajji a aikace. A filin wata makaranta aka yi, cikin zafin bazara. An kafa katakai an lulluɓe da baƙin yadi a matsayin Ka'aba, can gefe kuma an ajiye duro biyu nesa da juna, ɗaya Safa ɗaya Marwa. Malamai suna bayani da lasifika. Maniyyata sun cika fili, ga 'yan rakiya ga 'yan kallo. Alhaji ya fito da keken daga bayan mota, ya warware shi, ya goge da hankici.

Mairama ta gyara hijabi, ta miƙo mini gorar ruwanta, ta shiga sahu. Alhaji ya bi bayanta da keke ba kowa a kai, yana jiran ta gaji.

Ba ta yi gaggawa ba, abin da ya fi burge ni ke nan. Matar da ta yi lugude don A'i ta tsokane ta, yau tana tafiya a natse, taku ɗaya bayan ɗaya, bakinta na motsi. Aka yi zagaye, aka ƙara, aka ƙara. Wasu da ba su kai ta shekaru ba suka fara zamewa gefe suna neman inuwa. Ta ɗan tsaya ta kurɓi ruwa a hannuna, ta koma. Aka cika bakwai, aka nufi duro. Na dubi Alhaji, babbar rigarsa ta jiƙe sharkaf, hula ta karkace, ƙafar keken tana nutsewa a yashi yana turawa da ƙyar. Mutumin da rabonsa da tafiya mai nisa tun kafin ya sayi mota.

Ana tsakiyar Safa da Marwa na ga ya tsaya. Ya dafa keken yana haki. Ya duba hagu ya duba dama, babu inuwa, babu dakali. Sai ya juya ya zauna a kai, daɓas.

Filin nan ya ɗauki dariya, har malamin da ke riƙe da lasifika sai da ya kauda baki. Mairama ba ta waiwaya ba. Ta je ta dawo, ta je ta dawo, har ta cika, ta taɓa duron ƙarshe da tafin hannu. Sannan ta tako zuwa inda yake, numfashinta daidai, ta tsaya a gefensa tana kallon wani wuri. Ta karɓi gorar daga hannuna ta sake miƙo mini.

"Ba wa mai hatsi," ta ce. "Ki ce masa kaɗan kaɗan, kullum."

Ya sha ruwan yana dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Ya zamo daga keken ya durƙusa a yashi, a gaban jama'a, ya ce, "Inna, ki yafe mini. So na yi in adana ki."

Na buɗe baki in karɓi amsa in miƙa, kamar yadda na saba. Ba ta ba ni ba. Ta ɗora hannu a kan hularsa ta gyara mata zama, ta dube shi, ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Tun da ta haife shi ban taɓa jin ta yi masa magana kai tsaye ba sai ranar.

Keken, sashen gashi aka kai shi sadaka. Malama Ummussalma ta karɓa ta ce akwai masu bukatarsa da gaske. Daga ranar kuma in mun fita da safe, mukan ji takun wani a bayanmu, can nesa kaɗan, yana haki yana amsa gaisuwar 'yan acaɓa.

Tare suka tashi, ita da shi. Ni na zauna a gida ina ta lissafe-lissafen banza, ko ta ci abinci, ko cunkoso ya ture ta, ko taurin kan nan ya motsa ta manta dokar Malama. Ran nan da rana tsaka ina tsinkar zogale waya ta yi ƙara, lambar Alhaji. Na ɗauka na ji hayaniyar mutane kamar ruwan sama a kan kwano. Ya ce, "Yafendo, ga Inna."

"Zahara'u."

"Na'am, 'yar ƙauye. An ga gari?"

Ba ta rama ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Na ji tana jan numfashi.

"Na zagaya," ta ce. "Na yi Safa da Marwa. Ba wanda ya riƙe ni. Na yi wa Babana addu'a a wurin, na kira sunansa." Sannan ta ce, "Ki je Farin Dutse. Kada ki buga waya, ki je da kanki. Ki tsaya a bakin zauren nan ki gaya musu."

Washegari na hau mota zuwa Gwaram, daga can na hau babur. Da muka hango rumbunan gari na ce wa yaron ya sauke ni. Ya ce, "Hajiya, ai da saura." Na ce na sani. Wannan saƙo ba na kan babur ba ne.

Zauren yanzu na bulo ne, amma yana nan inda yake. Kafin in isa yara sun kai labari, mata sun firfito, Mero da hannunta duk gari, A'i tana dogara sanda tana tambayar ko lafiya. Na tsaya a bakin ƙofar, daidai inda mahaifiyata ta ce yarinyar ta faɗi zaune. Na yi shekaru ina magana a gaban aji, amma sai da na yi gyaran murya sau biyu.

Na ce, "Mutanen gida, Mairama ce ta aiko ni. Ta ce a gaya muku ta je. Ƙafar gidan Manu ta isa."

A'i ta saki sandarta ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa, har awaki suka watse. Ni kuwa na zauna a dakalin zauren na yi kukana son raina.